Ƙurar da ke sa jariran taurari su riƙa dusashewa

A watan Disamba da Janairu, duk wanda ya ɗaga kai bayan sallar isha'i a unguwar Briqueterie ta Yawunde, in hazo da fitilun gari sun bari, zai hango Kaza da 'Ya'yanta can sama. Kaɗan daga gabas da su akwai wani tauraro da ido ba ya gani sai da madubin hangen nesa. Sunansa AA Tauri, nisansa ya kai kimanin shekarun haske 450. Shekarunsa miliyan kaɗan ne, alhali ranarmu ta kai biliyan 4.6. Jariri ne ke nan.

Abin da ya ja hankalin masana gare shi shi ne haskensa ba ya zama wuri ɗaya. Wannan ba ƙyaftawar da taurari ke yi a idonmu ba ce, ita iskar duniyarmu ke haddasa ta. Shi AA Tauri, kusan duk bayan kwana 8 haskensa kan ragu da fiye da rabi, sannan ya dawo.

A shekarar 1999 Jérôme Bouvier na Grenoble a Faransa da abokan aikinsa suka kawo bayanin da aka fi yarda da shi. Sabon tauraro ba ya haihuwa shi kaɗai. Gas da ƙurar da suka rage kan baje kewaye da shi kamar faifai, suna ta juyawa. Ƙarfin maganaɗisun tauraron kuwa a karkace yake, don haka yakan ɗaga gefen faifan na ciki ya yi tudu. Mu daga nan kusan ta gefe muke kallon faifan, saboda haka duk zagayen da tudun ya yi sai ya gifta tsakaninmu da tauraron. Wanda ya taɓa kallon ƙwan lantarki ta bayan hayaƙin masu tsire a Briqueterie ya san yadda abin yake: ƙwan bai rage komai ba, hayaƙi ne ya shiga tsakani.

An ɗauka da farko cewa AA Tauri wani ne na daban. Sai tauraron ɗan'adam na CoRoT, wanda Faransa ta jagoranci harba shi a Disambar 2006, ya sa ido kan gungun NGC 2264 a 2008, aka tarar da jariran taurari da dama masu irin wannan hali. A 2011 kuma AA Tauri ya yi wata dusashewar mai tsanani, ya kwashe shekaru bai dawo ba. Masana na ganin wani curin ƙura ne mai kauri, can nesa da tsakiyar faifan, ya tare hanya.

Me ya sa ake wahalar bin inuwar ƙura? Domin daga irin wannan faifai ne duniyoyi ke haɗuwa, har da tamu. Ɓangarensa na ciki ya yi ƙanƙanta da yawa a hoto, ko da manyan madubai. Amma daga tsawon lokacin da inuwar ke ɗauka kafin ta dawo, ana lissafa nisan ƙurar daga tauraron. Daga zurfin duhun kuma a kimanta kaurinta. Dabara ce mai arha, har masu madubin gida kan taimaka da awo.

Labarin RW Aurigae ya fi ɗaukar hankali, ko da yake a nan ya kamata a yi hattara. Ya dusashe na kusan wata 6 daga ƙarshen 2010, ya sake a 2014. A 2017 na'urar Chandra ta hukumar NASA ta Amurka ta ga ƙarfen da ke kewaye da shi ya ninka aƙalla sau 10. Wasu masana suka ce ƙananan duniyoyi ne suka yi karo, tauraron na haɗiye tarkacensu. Wasu kuma suka ce tarin ƙura ce da ta daɗe maƙale a faifan ta kwance ta zubo masa.