Wa Ke Naɗa Shugaban Gidajen Yari na Jiha a Amurka, Wa Ke Sauke Shi?

Gabatarwa

A ƙasar Amurka, mafi yawan fursunoni suna tsare ne a gidajen yarin jihohi, ba na gwamnatin tarayya ba. Kowace jiha tana da hukumarta ta gidajen gyaran hali, mai shugaba guda da ake kira kwamishina ko darakta ko sakatare. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda ake naɗa shi da yadda ake maye gurbinsa.

Hanyoyin Naɗi

Hanya ta farko, wadda ta fi yawa, ita ce gwamna ya zaɓi mutum, majalisar dattawan jiha ta tantance shi. Haka ake yi a Kalifoniya da Misisipi. Shugaban da aka naɗa ta wannan hanya, zamansa yana hannun gwamna, kuma sabon gwamna yakan zo da nasa.

Hanya ta biyu ita ce ta kwamiti. A Teksas, gwamna yana naɗa mutum 9, kowannensu na wa'adin shekara 6, amma wa'adin ba ya ƙarewa lokaci ɗaya. Su ne suke ɗaukar darakta, su ne kuma suke sallamarsa. Manufar ita ce a rage tasirin siyasa a kan aikin.

Dalilan Sauyi

Misisipi ta ishe mu misali. An naɗa Christopher Epps kwamishina a 2002, ya yi aiki da gwamnoni uku. A Nuwamban 2014 ya yi murabus, aka gurfanar da shi bisa karɓar cin hanci daga 'yan kwangilar gidajen yari. Ya amsa laifi a 2015, sannan a 2017 aka yanke masa ɗaurin kusan shekara 20. Mai tsaron kurkuku ya koma ɗan kurkuku.

A ƙarshen 2019 zuwa farkon 2020 kuma, tarzoma ta yi sanadin mutuwar fursunoni a jihar, musamman a gidan yarin Parchman. Kwamishina Pelicia Hall ta bar aiki a lokacin, aka sa na riƙo. A Mayun 2020 Gwamna Tate Reeves ya ɗauko Burl Cain, wanda ya daɗe yana shugabantar gidan yarin Angola a jihar Luwiziyana.

Kammalawa

A Nijeriya, dokar 2019 ta ba shugaban ƙasa ikon naɗa Kwanturola Janar tare da amincewar Majalisar Dattawa. Amma gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi damar kafa nasu gidajen gyaran hali. Duk jihar da za ta kafa, ya kamata dokarta ta fayyace wanda zai naɗa shugaba, da wanda zai binciki kwangilolinsa, da sharuɗɗan sauke shi, domin abincin ɗaurarru da lafiyarsu da rayukansu suna hannunsa.