Kafin Ka Zuba Ajiyarka a Intanet, Nemi Ƙofar Fita

A ranar 8 ga Yuli, 2025, kamfanin Mozilla ya rufe Pocket, manhajar da mutane suka daɗe suna ajiye adireshin shafukan da suke son komawa su karanta. Ba a ɓoye aka yi ba. Tun watan Mayu aka sanar, aka kuma ba kowa watanni ya kwashe nasa. Kafin ita, Google Bookmarks ya tafi a ƙarshen Satumbar 2021. Delicious, wanda ya yi tashe tun 2003 wajen ajiya da nuna wa jama'a abin da ka ajiye, ya yi ta sauya hannu daga Yahoo zuwa wasu kamfanoni, har Pinboard ya saye shi a 2017 ya dakatar da sabuwar ajiya. Ita kuwa Ma.gnolia, a Janairun 2009 rumbunta ya lalace, ajiyar mutane da yawa ta salwanta.

Duk da haka, in ɗan'uwa zai zaɓi irin wannan manhaja, tambayarsa ba ta wuce biyu: kyauta ce, kuma tana cin data?

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne halin ɗalibanmu. Yaro zai shekara yana tara madogaran aikinsa na kammala digiri a manhaja guda, ba shi da kwafi ko ɗaya a wani wuri. Imel ɗin da ya yi rajista da shi ma mai shagon kwamfuta ne ya buɗe masa ranar cike fom ɗin jarrabawa, kalmar sirrin tana bayan wani tsohon littafi da ba a san inda ya shiga ba. Kamfani zai aiko da sanarwar rufewa sau uku, ba wanda ya gani. Sai ranar da malami ya ce a kawo madogara, a buɗe waya a tarar da wayam, a fara rantse-rantse: "Wallahi Malam, jiya ma suna nan." Haba jama'a! Kamfanin nan ba gidan ubanka ba ne, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Don haka gwajin farko shi ne fita, tun kafin ka saba da wurin. Ajiye shafuka biyar kacal, shiga saiti, nemi maɓallin Export. Sauke fayil ɗin, yawanci HTML ne ko CSV, ka buɗe shi ka gani da idonka ko shafukan nan biyar suna ciki tare da laƙabin da ka ba su. Raindrop.io, Instapaper, Diigo da Pinboard duk suna da wannan hanya. Wadda ba ta da ita, bar ta, komai kyan fuskarta.

Samun maɓallin kuma bai wadatar ba in ba a danna shi. Ware rana guda a wata, ka sauke kwafi, ka sa ɗaya a filashi, ɗaya ka tura wa imel ɗin da kake buɗewa kullum. Da shi ɗin za ka yi rajista, ba na aro ba. Sannan ka sani yawanci adireshi kawai aka ajiye maka. In mai shafin ya goge rubutunsa, ka rasa, don haka abin da aikinka ya dogara a kai sauke shi a PDF.

Sauran abubuwan ba su da wuya. Duba ko abin da ka ajiye kowa na gani, domin wasu manhajojin a buɗe suke barin sa sai ka rufe da kanka. Biyan kuɗi, kamar yadda Pinboard ke karɓa, ba laifi ba ne in da hali, amma bai hana kamfani rufewa ba.

Wanda yake da ajiya a irin waɗannan wurare, ya sauke kwafinta yau, ya kuma tambayi ɗansa ko ƙaninsa da ke jami'a ko ya san kalmar sirrin imel ɗinsa.