Kuɗin tunawa na Amurka: ba tsufa ke kawo tsada ba

A Amurka akwai wani kuɗin ƙarfe da ake kira kwata, wato rubu'in dalar ƙasar. A kansa ne hukuma ta fi buga hotunan tunawa, kuma mutane da yawa na ajiyarsa da fatan samun riba. Galibinsu ba su samu.

Dalili na farko shi ne yawa. A 1975 da 1976 an buga kwata mai hoton makaɗin ganga, don cikar shekara 200 da samun ƴancin kai. An buga fiye da miliyar ɗaya da rabi, shi ya sa wadda ta sha hannu ba ta wuce darajarta ta kasuwa ba. Haka ma na jihohi 50, waɗanda aka fitar biyar-biyar kowace shekara daga 1999 zuwa 2008. Amma ta 1932, wadda aka yi don cikar shekara 200 da haihuwar George Washington, maƙerar San Francisco ta buga 408.000 kawai, ta Denver kuma 436.800. Su masu tarawa ke nema ruwa a jallo. Ƙaramin harafin S ko D ke nuna maƙerar.

Na biyu ƙarfe ne. Har zuwa 1964 kashi 90 cikin 100 na kwata azurfa ne, nauyinta garam 6,25. Daga 1965 aka koma jan ƙarfe da nikel.

Na uku kuwa lafiyar jiki. Ana auna ta da ma'aunin Sheldon na 1949, daga lamba 1 zuwa 70. Daga 60 zuwa sama, kuɗin da bai taɓa yawo a hannu ba ne. Kamfanoni irin su PCGS da NGC kan duba shi da madubi, su ba shi lamba, su rufe cikin roba. A lambobin sama, tazarar ɗaya tak na iya ninka farashi.

Kuskuren maƙera ma na da kasuwa: wasu kwatocin jihar Wisconsin na 2004 sun fito da ƙarin ganye a jikin masara, suka yi tsada.

Babbar asara ita ce gogewa. Wanda ya wanke tsohon kuɗi don ya yi ƙyalli ya kankare fuskarsa, kuma masana na ganewa nan take. Mai saye kuwa, tun kafin ciniki, sai ya dubi shekara, da harafi, da lamba.