Tsara Ruwan Sha a Ƙauyukan Nijar: Buƙata, Wadata da Kulawa

1. Gabatarwa

Haƙa rijiya ko kafa famfo aiki ne na ƴan makonni, amma riƙe shi yana ba da ruwa aiki ne na shekaru. Daga 1981 zuwa 1990, wato shekaru goman da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe domin ruwan sha da tsafta, an haƙa dubban rijiyoyin burtsatse a ƙasashen Sahel. Ba a jima ba famfuna da yawa suka tsaya, saboda ba a tanadi kuɗin gyara ko mai gyara ba. A wannan kasida za mu duba abubuwa uku da ƙauye yake buƙatar auna su: yawan ruwan da ake buƙata, yawan wanda ake iya samu, da kuma yadda za a kula da kayan aiki.

2. Auna buƙata

Masu tsara aikin ruwa a karkara sukan fara lissafi da lita 20 ga kowane mutum a rana, wato kimanin jarka ɗaya, domin sha da girki da ɗan wanka. A Nijar ƙa'idar da ake bi ita ce wurin ɗibar ruwa na zamani guda ɗaya ga mutum 250. Mu ɗauki misalin ƙauye mai mutum 1,000. Wannan ƙauye yana buƙatar lita 20,000 a rana da wuraren ɗibar ruwa huɗu.

Sai dai lissafin bai ƙare nan ba. Na farko, akwai dabbobi, ga shi kuwa saniya ɗaya takan sha fiye da abin da aka ware wa mutum, musamman da bazara. Na biyu, jama'a tana ƙaruwa. Ƙidayar 2001 ta nuna mutum miliyan 11 a Nijar, ta 2012 kuma ta nuna miliyan 17. Da irin wannan ƙaruwa, ƙauye yana iya ninkuwa cikin shekara 20. Saboda haka wanda ya gina don mutanen yau kawai, ya shirya wa na gobe dogon layi.

3. Auna wadata

A yawancin yankunan noma na Nijar damina ba ta wuce wata uku zuwa huɗu. Ruwan saman da ya nutse cikin ƙasa a wannan lokaci shi ne yake ciyar da rijiyoyi marasa zurfi har shekara ta zagayo. Tabkuna sukan ƙafe da rani, sai mutane da dabbobi su taru a kan rijiya daga Maris zuwa Mayu, daidai lokacin da ruwanta ya fi ja da baya. Don haka a ƙarshen rani ya kamata a gwada ƙarfin rijiya, ba da kaka ba.

Yanayin ƙasa ma yana da tasiri. Birnin Damagaram, alal misali, yana zaune a kan dutse mai tauri wanda ba ya riƙe ruwa sosai, shi ya sa ake jawo masa ruwa da bututu daga wajen gari. Ƙauyen da yake kan irin wannan dutse dole ya yi tattali fiye da wanda yake cikin kwari.

4. Kulawa da kuɗin gyara

Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Famfon hannu ko na ƙafa yana da robobi da ƙarafa masu cinyewa. A manyan ƙauyuka akwai injin da yake tura ruwa zuwa babban tanki, wanda ake kira shato, daga nan ruwan ya gangara zuwa famfunan unguwa. Yanzu da yawa daga cikin waɗannan injuna da hasken rana suke aiki. Wannan ya rage sayen gazuwal, amma bai kawar da kashe kuɗi ba, domin injin yana tsufa, kuma ranar da ya mutu sai an sayi wani.

Shi ya sa ake sayar da ruwa da jarka ko bokiti. Kuɗin da aka tara ana kasa shi uku: ladan mai tsaron famfo, ƙananan gyare-gyare, da ajiyar sabunta kaya. Kashi na uku shi ne aka fi mantawa da shi, kuma rashinsa ne yake mayar da mata ga tsohuwar rijiya ko ruwan tabki, tare da cututtukan da ke ciki.

5. Wa ke da alhaki?

Dokar ruwa ta Nijar ta 2010 ta amince cewa samun ruwa haƙƙi ne na kowane ɗan ƙasa, kuma ta ce masu amfani da shi su taimaka wajen ɗaukar nauyinsa. A karkara ƙaramar hukuma, wato komin, takan ɗanka aikin shato ga ɗan kasuwa bisa yarjejeniya, ƙungiyar masu amfani da ruwa kuma ta sa ido. Ƙananan famfuna kuwa kwamitin ƙauye ne yake riƙe su. Kwamiti yakan yi ƙarko idan yana rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, yana karanta shi a bainar jama'a, kuma akwai mata a cikinsa, tunda su ne suka fi zuwa ɗiba. Haka nan dole a sa makiyaya cikin shawara, a raba lokacin shayar da dabbobi da na ɗibar gida.

6. Kammalawa

Mun ga cewa ɗorewar ruwan ƙauye ta dogara ga lissafi uku: mutane nawa da dabbobi nawa za su sha nan da shekara 20, lita nawa rijiya take bayarwa a ƙarshen rani, kuma nawa ake ajiyewa kowane wata domin gyara. Kafin a sa hannu a kan kowane sabon aikin ruwa, ya kamata mutanen gari su ji amsar waɗannan tambayoyi.