Ciwon Zuciya: Alamomin Da Bai Kamata A Yi Sakaci Da Su Ba, Da Hanyoyin Kariya

Cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini su ne kan gaba wajen hallaka mutane a duniya. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, sun nuna cewa a shekarar 2019 kaɗai mutane kimanin miliyan 17.9 ne suka rasu sakamakon waɗannan cututtuka, wato kusan kashi 32 cikin 100 na dukkan mace-macen da aka samu a shekarar. Fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan mace-mace sun auku ne a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaicin tattalin arziki, rukunin da Nijeriya ke ciki. Wannan ya rushe tunanin da aka daɗe ana yi cewa ciwon zuciya cuta ce ta masu hannu da shuni ko ta mutanen ƙasashen Turai.

Babbar matsalar da likitoci ke fuskanta ita ce jinkirin zuwa asibiti. Sau da yawa akan ɗauki ciwon ƙirji a matsayin gyambon ciki ko ƙwannafi, a ɗauki haki a matsayin gajiya, a ɗauki kumburin ƙafa a matsayin ciwon sanyi. Kafin a gane gaskiyar lamarin, cutar ta riga ta yi nisa.

Yadda ciwon ke faruwa

Zuciya tsoka ce da girmanta bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba, amma tana bugawa kusan sau 100,000 a kowace rana domin harba jini zuwa sassan jiki. Ita ma tana da nata ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da ita. Idan kitse ya riƙa taruwa a bangon waɗannan jijiyoyi shekara da shekaru, hanyar jinin takan tsuke. Ranar da gudan jini ya toshe hanyar gaba ɗaya, ɓangaren tsokar da ya rasa jini yakan fara mutuwa. Wannan shi ne abin da ake kira bugun zuciya. Idan irin wannan toshewa ta faru a jijiyar ƙwaƙwalwa, ko jijiyar ta fashe, sakamakon shi ne shanyewar ɓarin jiki.

Akwai kuma gazawar zuciya, inda zuciyar ke raunana har ta kasa harba isasshen jini. A Nijeriya da sauran ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara, hawan jinin da ba a kula da shi ba shi ne babban abin da ke haddasa wannan gazawa. Zuciyar da ta daɗe tana tura jini da ƙyar takan yi kauri, daga baya ta buɗe ta saki.

Alamomin gaggawa

Alamar bugun zuciya da aka fi sani ita ce ciwo ko nauyi a tsakiyar ƙirji, kamar an ɗora wa mutum dutse ko ana matse shi, wanda ke ɗaukar mintuna bai sake ba. Ciwon yakan yaɗu zuwa hannu, musamman na hagu, ko kafaɗa, wuya, muƙamuƙi da baya. Sau da yawa yakan zo da zufa mai sanyi, sarƙewar numfashi, tashin zuciya ko jiri.

Sai dai ba kowa ne ke jin ciwon ƙirji sosai ba. Mata, tsofaffi da masu ciwon sukari kan fuskanci bugun zuciya da alamomin da ba su fito fili ba, kamar matsananciyar kasala, haki, amai ko ciwo a saman ciki. Shi ya sa duk wanda ke da hawan jini ko ciwon sukari, kuma ya ji sabon zafi a ƙirji ko saman ciki tare da zufa, bai kamata ya tsaya shan maganin gyambon ciki yana jira ba.

Alamomin shanyewar ɓarin jiki kuwa sun haɗa da karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa a gefe guda, harɗewar harshe, da ɗaukewar gani kwatsam. Ko da alamomin sun wuce bayan 'yan mintuna, gargaɗi ne cewa mafi muni na iya biyo baya, don haka ganin likita a ranar ya zama wajibi.

Alamomin da ke zuwa sannu a hankali

Gazawar zuciya ba ta cika zuwa farat ɗaya ba. Mutum yakan fara lura cewa tafiyar da ya saba yi zuwa masallaci ko kasuwa ta fara sa shi haki. Daga nan sai ya kasa kwanciya rigingine sai ya tara matasan kai, ko ya riƙa farkawa cikin dare yana neman iska. Ƙafafu kan kumbura ta yadda idan aka danna da yatsa wurin zai lotsa, ciki ma ya cika da ruwa, ga tarin da ke tsananta da dare. Faɗuwar gaba ba tare da dalili ba, bugun zuciyar da ke tsalle-tsalle, da suma yayin aikin ƙarfi, duk abubuwa ne da ke buƙatar binciken likita.

Masu jego da ƙananan yara

Arewacin Nijeriya na cikin yankunan duniya da aka fi samun wani nau'in gazawar zuciya da ke kama mata a ƙarshen goyon ciki ko a watannin farko bayan haihuwa. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kan cutar, inda suka danganta ta da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi da yawan shan kunun kanwa, kasancewar kanwa na ɗauke da sinadarin da ke sa jiki riƙe ruwa. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa hawan jini lokacin goyon ciki da ƙarancin abinci mai gina jiki ma suna da hannu. Mai jegon da ke haki, tari ko kumburi bai dace a ce mata gajiyar haihuwa ce kawai ba. A kai ta asibiti, domin da yawa kan samu sauƙi idan aka fara magani da wuri.

A ɓangaren yara, ciwon maƙogwaro mai zuwa da zazzaɓi wanda ƙwayar bakteriya ke haddasawa na iya lalata ƙofofin zuciya idan ba a yi maganinsa yadda ya kamata ba. Illar takan bayyana ne shekaru bayan haka, lokacin samartaka ko lokacin da yarinya ta ɗauki ciki. Maganin penisilin da ma'aikacin lafiya ya rubuta yana hana aukuwar wannan.

Abin da ya kamata a yi

Idan alamun bugun zuciya suka bayyana, mutum ya daina duk abin da yake yi, ya zauna, a garzaya da shi asibiti mafi kusa ko a kira lambar gaggawa ta ƙasa, 112. Kada ya tuƙa mota ko babur da kansa. Kowane minti na jinkiri na ƙara yawan tsokar da ke mutuwa. Idan ya faɗi ba ya amsawa kuma ba ya numfashi, a kwantar da shi a ƙasa mai tauri, a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti har a sami taimakon ma'aikatan lafiya. Kada a ɗura masa ruwa ko wani abin sha a wannan hali.

Matakan kariya

Mataki na farko shi ne auna jini. Hawan jini ba ya cika nuna alama, kuma rahoton da WHO ta fitar a 2023 ya nuna cewa kusan rabin masu fama da shi a duniya ba su san suna da shi ba. Awon da ya kai 140 bisa 90 ko sama da haka a ranaku daban-daban na nuna hawan jini. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya daina sha don ya ji sauƙi, domin da zarar an daina, jinin yakan sake hawa. Haka kuma a riƙa duba sukari da kitsen jini, musamman ga waɗanda suka haura shekara 40 ko suke da tarihin cutar a danginsu.

Na biyu shi ne rage gishiri. WHO ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce giram 5 a rana, wato ƙasa da cikin ƙaramin cokalin shayi. Wannan ya haɗa da gishirin da ke cikin dunƙulen ɗanɗano, kanwa, yajin tsire, kilishi da abincin gwangwani. Daddawa, albasa, tafarnuwa da citta na ƙara wa miya armashi ba tare da an cika gishiri ba. A yawaita wake, gero, dawa, zogale, alayyahu, kifi da 'ya'yan itatuwa, a rage soye-soye, kitsen nama da lemon kwalba, a kuma guji man da aka yi ta maimaita suya da shi.

Na uku shi ne motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, kamar tafiya da sauri ta minti 30 sau biyar. Na huɗu shi ne barin taba ta kowace siga, har da shisha da matasa ke ɗauka ba ta da illa, da kuma barasa. Haɗarin bugun zuciya kan ragu sosai cikin shekara guda bayan daina shan taba.

Gwamnatin Tarayya ta ɗauki wasu matakai a wannan fanni, ciki har da Dokar Taƙaita Shan Taba ta 2015 da harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai zaƙi da aka sanya a Dokar Kuɗi ta 2021. Ana kuma bikin Ranar Zuciya ta Duniya a duk ranar 29 ga Satumba domin wayar da kan jama'a. Amma rigakafi, wanda Hausawa suka ce ya fi magani, daga gida yake farawa. Awon jini ba ya ɗaukar fiye da minti biyar, kuma ana yin sa a cibiyoyin lafiya matakin farko da ke kusa da jama'a.