Gwajin sauƙin amfani da na'urorin asibiti

Gwajin sauƙin amfani da na'urorin asibiti hanya ce da masu ƙera kayan aikin lafiya suke bi domin tabbatar da cewa likita, ko ma'aikaciyar jinya, ko majinyaci a gidansa, zai iya aiki da na'ura ba tare da ya yi kuskuren da zai cutar da wani ba. Reshe ne na fannin injiniyanci da ke nazarin mu'amalar ɗan Adam da inji: abin da idonsa ke iya gani, abin da ƙwaƙwalwarsa ke iya riƙewa, da yadda gajiya ko gaggawa ke sauya aikinsa. Ginshiƙin fannin shi ne, idan ƙwararru da dama suna maimaita kuskure iri ɗaya a kan na'ura ɗaya, to ƙirar na'urar ce ya kamata a fara tuhuma.

Asali

Fannin ya samo tushe ne daga jiragen saman yaƙi. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, matuƙan jirgin B-17 na Amurka sukan janye tayoyin jirgi bisa kuskure yayin sauka. Masanin halayyar ɗan Adam Alphonse Chapanis ya gano cewa makunnin tayoyi da na fikafikan rage gudu kamanninsu ɗaya, kuma suna dab da juna. Da aka ba kowane makunni siffar da hannu zai gane ko ba a duba ba, sai matsalar ta kau.

Wannan tunani ya shiga asibiti ta ɓangaren masu sa barci a ɗakin tiyata. A shekarar 1978 Jeffrey Cooper da abokan aikinsa a birnin Boston suka wallafa bincike kan kurakuran da ke faruwa wajen sa majinyaci barci, wanda ya jawo hankali ga yadda tsarin injinan ke jefa ma'aikata cikin kuskure.

Haɗurran da suka zama darasi

Misalin da aka fi koyarwa shi ne na Therac-25, injin ƙona cutar daji da kamfanin AECL na Kanada ya ƙera. Tsakanin 1985 da 1987 an samu haɗurra shida da aka sani a Amurka da Kanada, inda majinyata suka sha hasken da ya ninka abin da aka rubuta musu sau da yawa, wasu kuma suka rasu. Akwai aibi a manhajar injin: idan mai aiki ya gyara abin da ya shigar cikin kimanin daƙiƙa takwas, sai injin ya ruɗe. Wato wanda hannunsa ya fi sabawa da aikin shi ya fi kusa da haɗari. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne saƙon gargaɗin da ke fitowa a allo lamba ce kawai, kamar "Malfunction 54", littafin jagora kuma bai fayyace ma'anarta ba. Tun da injin ya saba tsayawa a kan ƙananan matsaloli, ma'aikata sun saba da danna maɓallin ci gaba.

Famfunan ƙarin ruwa da magani ta jijiya su ma sun jawo asarar rayuka. A shekarar 2006, a birnin Edmonton na Kanada, wata mai cutar daji ta rasu bayan da famfo ya zuba mata maganin kwana huɗu cikin awa huɗu. An saita shi a kan mililita 28.8 a awa ɗaya maimakon 1.2, domin adadin yini guda ne aka shigar a gurbin na awa, famfon kuma ba shi da tsarin da zai ƙi karɓarsa. Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka, FDA, ta ce daga 2005 zuwa 2009 ta karɓi rahotanni kusan 56,000 na matsalolin irin waɗannan famfuna.

Yadda ake gwajin

Ana farawa da tantance su wa za su riƙe na'urar, da kuma inda za su riƙe ta, domin ɗakin tiyata mai haske daban yake da motar ɗaukar marasa lafiya da ke gudu cikin dare. Daga nan sai a ware ayyukan da kuskure a cikinsu zai iya jawo mummunar illa.

Gwajin kansa iri biyu ne. Na farko ana yin sa tun ana kan ƙira, da mutane kaɗan, wani lokaci ma da zanen takarda, ana gyarawa ana sake gwadawa. Na biyu shi ne na tabbatarwa, da na'urar da aka kammala, a yanayi mai kama da na ainihi. Jagorar da FDA ta fitar a 2016 ta ba da shawarar a sa aƙalla mutum 15 daga kowane rukunin masu amfani. Mai lura ba ya taimaka wa wanda ake gwaji da shi. Yana rubuta kurakurai, da waɗanda aka kusa yi, sannan ya tambayi dalili. Ra'ayin mutum cewa na'ura tana da sauƙi ba hujja ba ce, abin da hannunsa ya aikata ake dubawa. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa a kan wannan aiki ita ce IEC 62366, wadda ta fito a 2007, aka sabunta ta a 2015.

Wajen gyara kuwa, an fi son ƙirar da za ta hana kuskuren aukuwa ɗungurungum. Misali, ƙa'idar ISO 80369 ta bambanta bakin bututun ciyar da majinyaci da na jijiya ta yadda ɗaya ba zai shiga ɗaya ba. Ƙararrawa tana biye, rubutaccen gargaɗi da horo su ne na ƙarshe, domin sun dogara ga tunawar mutumin da ƙila ya kwana yana aiki.

Takardar umarni

Takardar da ke cikin kwali ita ma ana gwada ta. Wani bincike da aka wallafa a 2008 kan ma'aikatan lafiya na karkara a Zambiya ya duba yadda suke amfani da kayan gwajin zazzaɓin cizon sauro na nan take. Masu bin takardar kamfani sun yi kashi 57 cikin 100 na matakan daidai. Waɗanda aka ba takarda mai hotuna sun kai kashi 80, waɗanda kuma aka haɗa musu da ɗan gajeren horo suka kai kashi 90.