Kafin a Ɗauki Tsoho Yawon Gaɓar Tekun Ghana

Daga Accra zuwa Cape Coast tafiyar kusan kilomita 150 ce, hanya ta miƙe yamma, teku na hannun hagu. Matasa da yawa daga zangunan Nima da Kumasi, har da masu zuwa daga Najeriya, idan Allah ya hore musu sukan so su ɗauki mahaifi ko mahaifiya su nuna musu wannan yanki. Niyya ce mai kyau. Sai dai galibi ɗan yakan tsara tafiyar bisa ƙarfin ƙafarsa da hotunan da ya gani a waya, ya manta cewa abokin tafiyarsa ya haura sittin, ga hawan jini, ga gwiwa.

A taswira tafiyar ba ta da tsawo, amma cunkoson motoci a garin Kasoa kaɗai kan cinye awa guda ko fiye. Bayan nan kuma hanyar ta yi ƙaurin suna wajen haɗurra, musamman saboda direbobi masu wuce juna ba lissafi. Wanda ya fita bayan sallar asuba ya huta. Tafiyar dare kuwa, da tsoho a mota, ba ta da wani dalili.

Inda aka fi samun saɓani tsakanin buri da zahiri shi ne gandun dajin Kakum, kimanin kilomita 30 arewa da Cape Coast. Gaskiya ne akwai giwayen kurmi a ciki, da birai iri-iri, da tsuntsaye fiye da nau'i 200. Amma kurmi ne mai duhu, dabbobinsa kuma suna gudun hayaniya, don haka mafi yawan baƙi sukan shiga su fito ba su ga ko wutsiyar giwa ba. Wanda ya yi wa Baba alkawarin giwa zai sha kunya. Abin da ake gani shi ne tsuntsaye, malam-buɗe-littafi, da manyan itatuwa, wataƙila biri idan an yi sammako kafin motocin 'yan makaranta su iso.

Abin da ke jan mutane can shi ne gadar igiya da aka buɗe a 1995: gadoji bakwai a jere, an ɗaure su daga itace zuwa itace, tsawonsu ya zarce mita 300, tsayinsu daga ƙasa kuma ya kai mita 30 ko fiye. Faɗin wurin takawa na mutum ɗaya ne, kuma tana lilo. Kafin ma a kai bakinta sai an hau tudu mai sa matashi haki. Tsohon da ke da ciwon zuciya, ko juwa, ko tsoron bisa, bai kamata a lallashe shi ya hau ba. Iyayenmu kuma suna da kara. Inna za ta iya cewa "mu je, ba komai" don kada kuɗin ɗanta ya tafi a banza. Aikin ɗa ne ya dubi numfashinta, ba ya tsaya ga abin da bakinta ya faɗa ba. Akwai wurin zama a ƙasa, jira ba abin kunya ba ne.

A kan hanyar Kakum akwai masaukin Hans Cottage, wanda aka gina a kan tafki mai kadoji. A kalle su daga nesa. Ko da wani ya ce sun saba da mutane, kada kada ne, kuma tsoho ba shi da zafin naman ja da baya.

Gidajen bayi na Elmina da Cape Coast su ne suka fi taɓa zuciya. Turawan Fotugal suka gina na Elmina a 1482, 'yan Holan suka ƙwace shi a 1637, daga baya ya koma hannun Ingila a 1872. Ɗakunan da aka tsare bayi suna da duhu da zafi, iska ba ta shiga sosai, matakalu kuma suna da yawa. A riƙe ruwan sha, mai ciwon suga kuma a tabbata ya ci wani abu kafin a shiga, domin zagayen yana ɗaukar lokaci.

Sai teku, wadda ita ce babban haɗarin. Mutumin da ya tashi yana iyo a kogi ko kududdufi yakan ɗauka ya san ruwa. Gaɓar nan tana da igiyar ruwa mai ja zuwa ciki, tana iya kwashe mutum yana tsaye ruwa iya cinya, kuma yawancin wuraren ba su da masu ceto. Doguwar riga ko zane idan ya jiƙe yakan yi nauyi ya naɗe ƙafa. Wanda ruwa ya ja kada ya yi kokawa da shi kai tsaye. Ya yi iyo ta gefe, a layin gaɓa, har ya fita daga jan. A tambayi masunta kafin a tsoma ƙafa. Su kansu a garuruwa da dama ba sa fita kamun kifi ranar Talata, bisa al'ada, don haka mai son ganin kwalekwale na dawowa da kifi a Elmina ya zaɓi wata rana.

Daga wajen Oktoba zuwa Maris kunkurun teku kan fito da dare su yi ƙwai a yashi, a wurare irin su Ada da Akwidaa. Dokar Ghana ta hana kama su da kwasar ƙwansu. Ba a haska musu tocila ko fitilar waya, domin haske yana ruɗa su su koma ruwa ba su yi ƙwan ba. Idan wani ya kawo ƙwan sayarwa, a ƙi saye.

Masu zuwa daga wajen Ghana su tanadi katin rigakafin cutar shawara, domin ana tambayarsa a iyaka da filin jirgi. Maganin da tsoho yake sha kullum a sa shi a jakar hannu, ba a but ɗin mota ba, a kuma ƙara na kwana biyu ko uku saboda jinkirin hanya.